Fangalin da Bai Ƙone Ba

Shekara ta uku ke nan ana fari lokacin da wani mai lambu ya faɗo ofishin 'yan sanda da shukar tumatir a hannu, ganyen duk ya ƙone ta gefe. Ya ce an kashe masa lambu, kuma ba ya ko tantama maƙwabcinsa Mai Albasa ne.

Sufeto mutum ne da ba ya son a kawo masa ƙara haɗe da hukunci. Ya ɗauki hularsa ya ce su je.

Lambun ya ba shi tausayi. Tumatir ya zubar da fure, tattasai ya tsaya cak, ƙasa ta yi fari-fari. Mai lambu ya ce kullum da safe yake cika tankin siminti daga rijiyarsa mai daɗi, ya tafi kasuwa, da yamma ya sako ruwan. Sufeto ya tsoma yatsa a tankin ya lasa, sai ya tofar.

"Zartsi ne. Ba ka ɗanɗanawa kafin ka sako?"

"Ranka ya daɗe, masu rijiyar gishiri ke wannan. Ni me zai kai ni?"

Mai Albasa ya rantse har da kumfar baki bai taɓa zuwa kusa da tankin ba. Da Sufeto ya nuna masa sawun jarkoki daga tankin zuwa shingensa, sai ya sauko. Ya ce ya ɗan riƙa satar ruwa, amma ya daina mako uku da suka wuce, ranar da ya ji gishiri a ciki.

"Kuma ka yi shiru?"

"Wanda ya kulle rijiya da kwaɗo a shekarar fari, ni zan yi wa gargaɗi?"

A ƙarshen lambun Sufeto ya ci karo da fangali guda na alayyafo, kore shar. Na tsohuwarsu ne, in ji mai lambu, ita ke ɗan taɓa shi. An toshe hanyar ruwan da ke shiga cikinsa da laka, lakar har ta bushe ta tsage. Da aka kira tsohuwar, ta ce autanta ne ya toshe, ya ce ruwan tanki ya yi wa alayyafo yawa, shi zai riƙa kawo mata a bokiti. Ta faɗa tana sa masa albarka, ba ta san abin da ta yi ba. Sufeto ya ji ba daɗi.

Autan na zaune a nasa ɓangaren gadon, inda ko ciyawa ba ta fitowa. Da farko ya ce injinsa na ban ruwa ya lalace tun bara. Sufeto ya kwance murfin, ya ga sabon fetur, tiyo kuma da danshi.

"Wa ya gaya maka gishiri zai bi ta fangalin Inna?"

Nan Auta ya buɗe baki. Da aka raba gado, Yaya ya ɗauki gefen rijiya mai daɗi. Da fari ya tsananta ya roƙe shi ruwan awa ɗaya a rana, Yaya ya sayo kwaɗo. Dole shi Auta ya koma wa rijiyar zartsi, yana kallo lambunsa ya mutu kaka bayan kaka. Shi ne da tsakar rana, in kowa ya gudu inuwa, yake jefa tiyo a tankin ya turo zartsi.

Mai lambu ya zabura zai shaƙe shi, kofur ɗin da ya rako Sufeto ya tare.

"Uwa ɗaya uba ɗaya, Auta?"

Auta bai ko dube shi ba. Ya miƙa hannu aka sa ankwa, ya tambayi Sufeto nawa za a yanke masa. Sufeto ya ce wannan na alƙali ne, wataƙila shekara.

"To, ba laifi. Ƙasar Yaya sai ta yi biyar ba ta warke ba. Na sani, a tawa na koya."