Busar Marigayi Doyle

Da asubar fari Orval ya rataya baka da kibau, ya shiga dajin bayan gonarsu. Afrilu ne, itatuwa sun fara toho, lokacin da talotalon daji ke neman mata. Bai taɓa fita farauta ba tare da yayansa Doyle ba sai yau, don cikin sanyin da ya wuce aka binne shi.

Ya jingina da gindin itace. Ƙasa na warin ruɓaɓɓen ganye, hazon safiya ya rufe gangare. Ya ciro 'yar busarsa ta ƙashin fiffike, ya kwaikwayi kukan macen talotalo. A farautar nan doka ɗaya ce: ka yi kira, ka zauna, tsuntsu ya same ka. Ba a bin kira, ko da wasa.

Shiru. Can sai amsa ta taso daga gangare. Ba tsuntsu ba ne, busa ce, mai ɗan karyewa a ƙarshe. Duk faɗin tsaunukan Ozark na Amurka mutum ɗaya ke karya busa haka, saboda giɓin haƙorinsa.

Daji ya yi tsit. Warin tabar Doyle ya bugi hancinsa.

"Auta," wata murya ta yi raɗa, "har yanzu busarka sai ka ce an shaƙe akuya?"

"Yaya?"

"Taso mana. Ni kaɗai ne a nan, ga sanyi."

Orval ya san dokar, Doyle ne ma ya koya masa. Amma wayyo, kewa ta fi ƙarfinsa. Ya miƙe ya bi muryar, hawaye na zuba.

Cikin hazo ya hango rigar Doyle, an ba shi baya. Ya miƙa hannu.

Tsirkiyar baka ta maƙale a reshe, ta fizgo shi ya faɗi. Tsakuwa ta gangara daga ƙarƙashin ƙafarsa, bai ji saukarta ba.

Ashe a bakin dutse yake, gabansa rami ne mai zurfi. Mai rigar a kan iska yake tsaye.

Sai mai rigar ya fara juyowa.

Orval ya ja da baya da rarrafe, ya zuba da gudu.

Tun ranar bai sake taɓa baka ba, abinci ma sai matarsa Nelda ta yi da gaske.

"Ba Doyle ba ne," in ji ta. "Ka fi kowa sani."

"Na sani, Nelda. Amma in shi ne fa? Ya ce yana jin sanyi, ni kuwa na gudu na bar shi."