Abin da Kunnen Lafaele Bai Ji Ba

Rana ta sunkuya kan teku sa'ad da Lafaele ya dawo daga kanti, burodi a hannu ɗaya, kwalin maganin sauro a ɗayan. Bai shiga gida ba. Ya zagaya baya, inda 'yarsa Fuatino ke feren gwaza a gindin murhu.

"Tino, ara mini kunnenki."

"Naka fa?" ta ce, ba ta ko ɗago ba. "A kanti ka baro su?"

"Taso dai. Ɗan aiki ne."

"An kusa buga ƙararrawa, tsoho."

"Kafin a buga mun gama."

Ta goge hannu a zanenta, ta bi shi.

Sana'ar Lafaele haɗa sauti ce. Ya ci ƙuruciyarsa yana kaɗa jita a gidajen rawa na birnin Apia, tsaye a gaban manyan sifikoki, har jinsa ya zaizaye ta sama. Sauti mai kauri yana jin sa sarai, ganga, tsawa, muryar maza. Amma siraran sautuka irin kukan gyare sun daɗe da yi masa sallama. Bai taɓa gaya wa masu kawo masa aiki ba. Yakan gama komai da kansa, in ya zo wajen ƙara wa waƙa kaifi sai ya zaunar da Fuatino a kujerarsa, shi yana ja, ita tana cewa ƙara ko rage. Ita ce kuma mai muryar da ta fi ta kowa tashi a cikin mawaƙan cocin ƙauyen.

Waƙoƙin waɗannan mawaƙa ne aikin da ke gabansa. Washegari fasto zai tafi da faifan birnin Auckland a ƙetaren teku, inda rabin 'yan garin suke. An ɗauki sautin a tsohon cocin bakin ruwa, wanda aka daina shiga tun da teku ya cinye farfajiyarsa, gari ya ja baya zuwa tudu. Lafaele ne ya nace sai can, don amon ginin. Pelenato, dattijon da ke koya wa mawaƙan waƙa, ya yarda bisa sharaɗi ɗaya, da safe za a yi a fito. Da ya saurari abin da aka ɗauka kuwa, sai ya ce a bar shi haka.

"Ya dushe, ranka ya daɗe," in ji Lafaele. "Kamar an rufa masa bargo."

"To a bar shi da bargonsa."

Lafaele ya ce to. A ransa ya san ba zai sa sunansa a kan dusasshen aiki ba.

Ɗakin aikin ƙarami ne, an lulluɓe bangonsa da tsofaffin tabarmi. Yana warin danshi da ɗumin na'ura. Lafaele ya kunna maganin sauro ya tura ƙarƙashin tebur, ya buɗe kwamfuta, ya kira manhajar ikwalaiza. Wani layi ya bayyana kwance a allo. Hagunsa kaurin sauti, damansa siririn sauti. In ka kama ƙarshen dama ka ɗaga, waƙa ta washe.

Ya saki waƙar. Ya ɗaga layin kaɗan.

"Ƙara," in ji Fuatino.

Ya ƙara.

"Yauwa, ya fara buɗewa. Ga numfashin Anti Malia nan, kamar mai hawan tudu da buhun kwakwa."

"Ki bar baiwar Allah."

"Ni na ce ta ci ayaba kafin waƙa? Ƙara kaɗan."

A bakin hanya aka buga ƙararrawar garin, wata tsohuwar tukunyar gas da ke rataye a bishiya. Bugu na farko kenan, kowa ya nufi gida. Ba a jima ba aka yi na biyu. An shiga sā, shirun addu'ar yamma. Daga nan ba tafiya, ba aiki, ba kiɗa, har sai an yi bugu na uku.

Fuatino ta dube shi.

"Baiti ɗaya ya rage," ya ce. Ya rage ƙarar sifikokin don kada a ji daga waje. Ya kuma kama layin, ya ɗaga shi sama da inda ya taɓa kai shi.

A can ƙurewar dama, inda bai kamata a ga komai ba, wani siririn zare ya fara motsi a allon. Yana hawa, yana sauka, daidai da waƙar. Mawaƙa suka tsaya jan numfashi. Zaren bai tsaya ba.

Fuatino ta karkata kai.

"Su wa ke rera wannan?"

"Wanne?"

"Na sama."

"Ke ce ta sama."

"A'a." Muryarta ta koma raɗa. "Akwai wasu a samana."

"Hayaniyar wayar na'ura ce. Ko jemagu a rufin cocin."

"Jemagu sun san baitin?"

Ya kasa kunne iya ƙarfinsa. Mawaƙa yake ji, maza a ƙasa, mata a sama, sai ƙugin teku daga nesa. Babu wani abu.

Wata tsaka ta saki rufi ta faɗo kan tebur. Ta kwanta a bayanta, ƙafafunta suna rawa. Karen gidan ya taso daga gefen daɓe yana jan ciki, ya wuce ta bakin ƙofa, ya nufi tudu da gudu.

Lafaele ya danna tsayawa. Waƙar ta yanke. Zaren ya ɓace daga allon.

"Shi kenan, na kashe."

Fuatino ba ta motsa ba. Idonta na kan sifikar da ta yi shiru.

"Ba su daina ba."

Ya miƙa hannu ya fizge wayar daga bango. Allon ya mutu. Ɗakin ya yi duhu, sai jan idon maganin sauro a ƙarƙashin tebur.

"Yanzu fa?"

"Ba daga nan yake fitowa ba."

Ta miƙe. Kujerar ta faɗi a bayanta, ba ta waiga ba. Ta fita ba takalmi.

"Tino."

Ta sauka daga daɓe, ta ratsa tsakar gida, ta hau hanya. Ba sauri take ba, amma da ya bi ta sai ya ga tazarar na ƙaruwa. Gwiwarsa ta hagu ta daɗe da lalacewa.

Ya sa rai ga masu tsaron sā. Samarin gari ne, kullum suna jere a gefen hanya cikin fararen riguna, ko mota ce sai sun tsayar da ita. Suna nan kuwa. Amma babu wanda ya tare ta. Dukansu sun juya fuska zuwa teku, baki a ɗan buɗe, hannuwa a sake.

Ya kama kafaɗar ɗaya, ɗan maƙwabcinsa.

"Sefo. Tare mini ita."

Saurayin bai dube shi ba. Hawaye na bin kumatunsa.

"Kana ji, kawu?" ya ce a hankali. "Ashe haka waƙar take."

Gidajen gefen hanya ba su da bango, ginshiƙai ne da rufi. A cikinsu dattawa na zaune sun harɗe ƙafa, ido a rufe, suna addu'a. Yara kuwa sun miƙe tsaye a jikin ginshiƙan, manya da ƙanana, duk suna kallon waje ɗaya.

A nan Lafaele ya gane. Duk wanda kunnensa bai tsufa ba a garin yana jin abin. Shi da ya buɗe masa ƙofa kuwa ba ya ji. Bai san ko yana ƙara ƙarfi ba. Bai san ta ina yake matsowa ba.

Ya ja ƙafarsa da gudu.

Kwalta ta ƙare, yashi ya fara. Warin gishiri da ruɓaɓɓen ganyen teku. Tsohon cocin na tsaye a bakin ruwa, baƙi a gaban sauran jan sama. Ƙofarsa ta daɗe da faɗuwa.

Fuatino ta shiga.

Ya iso bakin ƙofar yana haki. Sanyi ya buge shi, irin na cikin rijiya. Sai wani ƙanshi, man kwakwa da furen da ake maƙalawa a kunne, irin wanda mata ke shafawa ranar Lahadi.

Babu kowa a ciki. Babu benci, babu fitila. Yashi ne ya rufe daɓen, jiƙaƙƙe, sumul.

Yana kallo yashin ya lotsa.

Wuri ɗaya, kamar mutum ya zauna. Sai na kusa da shi. Sai na gaba. Sahu ya cika, wani sahu ya fara a bayansa.

Ragowar gilasan taga suna karkarwa a cikin katakonsu. Yana ganin su. Ba ya jin su.

A sahun gaba an bar gurbi ɗaya.

Fuatino ta nufi gurbin. Bakinta a buɗe, jijiyoyin wuyanta sun tashi, ƙirjinta na hawa da sauka. Waƙa take rerawa da dukan ƙarfinta.

Ko ɗigon sauti bai iso kunnensa ba, muryar ta haura sama da inda jinsa ya ƙare.

Gaba da gurbin babu bango. Teku ya ci wannan gefen tuntuni. Ruwa ne baƙi, yana shigowa, yana lasar yashi.

Ya taka cikin sahun. Sanyi ya kama ƙaurinsa, kamar yana ratsa jiƙaƙƙun zannuwa. Wani abu ya goge shi a kafaɗa. Bai duba ba.

Ya cafko ta ta baya. Ya juyo da kanta, ya danna kunnenta ɗaya a ƙirjinsa, ya toshe ɗayan da tafinsa.

Ta yi ta fizga. Ƙarfinta ya fi nasa.

Bai da abin da zai kashe. Babu waya, babu layi. Abin da ya rage masa ƙirjinsa ne.

Ya buɗe baki ya ɗauki waƙar daga ƙasa, layin maza, da kaurin muryar da bai taɓa yarda a ɗauka a faifai ba. Ya rera ta da ƙarfi har haƙarƙarinsa na rawa a jikin kuncinta.

Ya ja baya taku ɗaya.

Gashinta ya miƙe zuwa gaba, ya ɗaure, kamar an riƙe ƙarshensa.

Ya ƙara murya. Ya manta baitin, ya ci gaba da ƙugi kawai. Ya ja. Ruwa ya taɓa idon sawunsa.

Ramukan yashin suka fara matsowa.

Numfashinsa ya kusa ƙarewa. Ya san in ya tsaya shaƙar iska, za ta ji su.

Daga tudu aka buga tukunyar gas. Bugu na uku.

Gashin ya saki. Su biyu suka zube a bakin ƙofa, ta baya. Ya ja ta a kan yashi har kwalta, bai saki kanta ba, bai daina ƙugin ba, sai da ya ji hannun mutane a jikinsa, ya ga hasken tocila.

Majalisar dattawan gari ta zauna a kansa a makon. An ci shi tarar keta sā, ya kai ba musu. Da aka tashi, Pelenato ya tsaya kusa da shi yana gyara zanensa.

"Kakanninmu da suka rasu a tsohon cocin suke rera tasu," ya ce. "Mu muna rera tamu a ƙasa, mu bar musu sama. Makirufonka bai san wannan ba. Kai ya kamata ka sani."

Waƙoƙin sun tafi Auckland yadda aka ɗauke su. 'Yan can suka yi ta ƙorafi cewa sautin ya dushe. Samari da yaran gari ba su tuna komai ba, sai ciwon kai na kwana ɗaya.

Fuatino ta tuna. Ta bar ƙungiyar mawaƙa. Tana girki, tana zuwa aikinta a asibitin gunduma, tana tsokanar ubanta kamar dā. Amma da an yi bugu na biyu sai ta zo ta zauna a gefensa, ta ba teku baya, ta jingina kunnenta da kafaɗarsa.

"Fara, tsoho," takan ce. "Kada ka tsaya."

Lafaele mutum ne mai gajeriyar addu'a. Yanzu yakan yi wa kowa addu'a da suna, na gida da na waje, masu rai da matattu, masunta, direbobin bas, har fursunoni. In sunaye suka ƙare ya koma farko. Maƙwabta suna cewa ya zama mutumin Allah.

Ba ya rufe ido. Ita yake kallo. Duk lokacin da ya tsaya jan numfashi, kanta yakan juya kaɗan zuwa wajen ruwa, sai ya yi maza ya ci gaba.