Sunan Da Rakiya Ta Kira

Altine na zaune bakin murhun banda tana juya kifi da hannu ɗaya, ɗayan kuma yana tallafe da Salma, ɗiyarta mai wata bakwai, wadda ta kama nono ta lumshe ido kamar ita ce mai garin Tungar Modibbo. Sai ga uwar mijinta, Inna Dudu, ta faɗo gidan ba sallama, mata biyu na biye da ita.

"Sannu da zuwa, Inna. Ya jikin Rakiya?"

"Ni za ki tambaya? Ke da kin fi kowa sani!"

Rakiya ƙanwar mijin Altine ce, 'yar shekara goma sha huɗu. Kwana biyar ke nan zazzaɓi ya kwantar da ita, har ta fara sambatu. Da safen nan tsofaffi suka lulluɓe ta da bargo, suka yi mata hayaƙin da ake yi don a gane maye, suna jera mata sunaye: "Wa kike gani? Dije ce? Jummai ce? Matar yayanki ce?" Yarinya ta sarƙe da tari ta ce, "Altine." Shi ke nan, an gama shari'a!

Inna ta sunkuya ta fizge jinjirar, nono na zuba a gefen bakinta.

"A nono aka shan maita. Jikata ba ta ƙara sa baki nan, sai kin saki kurwar ɗiyata!"

Altine ta ja zane ta rufe ƙirjinta. Kukan Salma ya yi ta nisa har ya tsaya a bayan zanar da ta raba gidajen biyu. Ita kuwa ta ci gaba da juya kifi, har wanda ta riga ta juya.

Da la'asar mijinta Shu'aibu ya dawo daga Yelwa. Direban jirgin ruwa ne mai inji, kuma daga wani tsibiri ya auro Altine. Lokacin neman auren, duk ranar kasuwa sai injinsa ya mutu daidai bakin gidansu, har mahaifinta ya gaji ya ce a zo a ɗaura ko injin ya samu lafiya. To yau ba wurin wasa. Tun daga bakin ruwa aka tare shi da labari, ya wuce wurin mahaifiyarsa. Altine na jin komai ta zana.

"Takardarta nika so, Shu'aibu. Yau!"

"Inna, don girman Allah ki ba ni Rakiya in kai ta asibiti Yelwa."

"A yi mata allura? Wanda aka kama wa kurwa ai allura ƙarasa shi ta kai! Ashe kai ma ta lashe ka?"

"Inna, shekara biyu Altine na wanke miki tufafi—"

"Ta wanke! Ko ita ko ni!"

Ya shigo ya durƙusa gaban matarsa, idonsa jawur.

"Altine, dube ni. Wallahi ba ni sakin ki, ko da tabkin ga zai ƙafe. Kin ji?"

Ta dube shi kamar baƙo.

"An ba Salma kunu?" ta ce. "Ka ce musu ba ta son mai tsami."

Kwana uku abin ya ɗauka. In Altine ta je bakin ruwa, sai mata su kwashe kwanoninsu su matsa can. Nono ya cika ya ƙandare kamar dutse, ya jiƙa riga ya bushe ya sake jiƙawa. Tana sallah, tana dafa tuwo, tana sharar tsakar gida, amma da za a tambaye ta ko ta ci abinci ba ta sani ba. Hawaye kuwa ko ɗigo. Mata suka ce, "Kun gani ko? Mayya ba ta kuka!"

Sai abin ya zama yayi. Ɗiyar maƙwabta ta faɗi tana birgima, ta kira mai ƙosai. Kashegari biyu suka faɗi a layin niƙa, suka kira wani tsoho mai gyaran komar kamun kifi da ko tsayuwa ba ya iyawa sai da sanda. A shekarar da aka raba mu da Sakkwato aka ba mu Kebbi, wasu garuruwa na neman a kai musu lantarki, Tungar Modibbo kuwa mayu take ƙirƙira, kullum sabo fil!

Aka taru ƙofar mai gari da hantsi. Aka shimfiɗa 'yan matan huɗu a tabarmi, har da Rakiya, aka ce duk wanda aka kira ya tsallaka su sau uku ya sakar musu kurwa. Ka ji tarko: in ka tsallaka yarinya ta warke, kai ne maye, in ka ƙi, mugun maye ne kai.

"Ba ta tsallakawa!" in ji Shu'aibu. "Ku taɓa goshin Rakiya ku ji, jama'a! Ciwo na, ba maita ba!"

Wasu samari suka riƙe shi. Altine ta miƙe tsaye. Ita dai idonta na kan bayan Inna Dudu, inda Salma ke goye, wuya ya langaɓe, ta daina ko kukan kirki.

Inna na tsugune tana fifita hayaƙi ga fuskar ɗiyar maƙwabtan nan. Hayaƙi ya turnuƙe yarinya, ta zabura ta nuna ta da yatsa.

"Ga ta nan! Dudu! Dudu ce!"

Kowa ya juyo yana kallon Inna.

"Ni?" Inna ta yi 'yar dariya. "Ke, buɗe idonki, ni fa na yanke miki cibi!"

"Ai shi ya sa!" wata ta ce daga baya. Cikin matan da suka raka ta ɗaukar Salma ce.

"Gida guda suke da mai ciwon!"

"Mayya! Mayya!"

Wani ya jefo hoge, wani takalmi. Inna ta juya za ta gudu, ta ba jama'a baya, ta manta abin da ke bayan. Altine ba ta san lokacin da ta isa ba. Ta rungume Inna ta baya, ta rufe jinjirar da jikinta. Dutse ya same ta a kafaɗa, wani ya fasa mata ƙeya. Ba ta ce wayyo ba. Ta ƙara matse su kawai.

Ganin jini ya sa hannaye suka yi sanyi. Shu'aibu ya fizge, ya suri Rakiya ya saɓa a kafaɗa.

"Ku ba ni hanya! Duk mai neman kurwa ya same mu Yelwa!"

Wannan karon Inna ce ta riga kowa shiga jirgi.

Sun yi nisa cikin ruwa. Inna na kallon jinin da ke bin wuyan Altine. Can ta sa hannu ta kwance majanyi, ta sauko da Salma.

"Amshi. Ba ta ta sha."

Jinjira ta kama da ƙarfi har tana sarƙewa. Zafin ya ratsa Altine har tafin ƙafa, kuma a nan ne kukan kwana uku ya ɓalle mata. Shu'aibu ya kawar da kai yana share ido da hula, wai feshin ruwa ne.

A asibiti aka ce taifot ne, da an ƙara kwana biyu sai gawa. Altine ce ta yi jinyar, da ɗinki huɗu a ƙeya. Ran da Rakiya ta fara cin tuwo aka ba ta labari, ta fashe da kuka.

"Sori, Anti! Wallahi ban ga kowa ba. So nike su ɗauke bargon in sha iska!"

Sauran 'yan matan kuwa, da suka ga ba mai taruwa kallonsu, sai suka tashi suka koma niƙa.

Ran da aka sallame su, Inna Dudu ta riƙe hannun Altine a bakin jirgi, gaban mutane.

"Ɗiyata, na raba ki da ɗiyarki, ke kin tare mini dutse. Ki yahe mini."

"Haba Inna, na yahe. Allah ya yahe mana baki ɗaya."

To, 'yan uwa, ku ji wannan. Mara lafiya magani yake bukata, ba sunan wani a bakinsa ba, kuma wanda ya koya wa jama'a jifa bai san ranar da za su juyo kansa ba. Altine ta yi haƙuri, mijinta ya tsaya mata bai kuma zagi mahaifiyarsa ba, Allah ya wanke ta, ya mayar mata da ɗiyarta da ɗakinta.