Koren Akwati a Kan Hanyar Rafi

Ranar wata Alhamis Huraira ta fara ganin Nu'uman, a ofishin ƙungiyar manoma da ke cikin garin Birnin Gwari, kuma ko gaisuwa ba su gama ba suka fara faɗa. Ina wurin, a kan benci, na zo karɓar irin masara. Ni ne kakanta, Gambo na Randagi, wanda ya yi kwana tamanin da ɗaya a hannun 'yan bindiga cikin dajin nan ya fito da ƙafarsa. Ban yi boko ba, amma abin da idona ya gani ba ya ɓace mini. Wanda ban gani ba su biyun suka ba ni labarinsa daga baya, saƙonnin wayar ma sai da na sa Huraira ta yi ta karanta mini har na haddace.

Aikinta a ƙungiya amsa waya ne. Kowace safiya mutanen ƙauyuka suna bugo mata, su ce hanya kaza lafiya, hanya kaza an ga baƙin babura. Sai shugabanni suka ɗauko Nu'uman, ɗan garin nan da ya yi karatun kwamfuta a Kaduna, ya yi musu shafi a intanet. Taswirar hanyoyinmu ce. In ka taɓa hanya da yatsa sai ɗan akwati ya ɓullo kusa da ita, da ɗan tsini a gindinsa yana nuna ta. Kore lafiya, ja kada a bi. Huraira ke sa launin, kowa ya gani a wayarsa. Ko irina ya san kore da ja.

Ranar ya zo nuna aikin nasa ne, yana ta murmushi. Huraira ta miƙa yatsa ta taɓa Randagi, akwatin ya fito ya rufe ƙauyen ɗungurungum.

"Malam, akwatinka ya zauna a kan garinmu," ta ce. "Na taɓa don in ga hanya, ka rufe mini hanyar."

Ya fara yi mata bayani cewa ba shi ke auna wurin da akwatin zai tsaya ba. Akwai wani tarin umarni da masu sana'arsu suka rubuta, kowa na ɗauka ya yi amfani da shi, suna ce masa laburare. Kai dai ka gaya masa sama ko ƙasa, da tazarar da kake so, shi ya yi lissafin. Ta ce ba tarihi ta tambaye shi ba, ya matsar da abin. Ya ɗan daddanna, akwatin ya hau sama kamar faɗin yatsa. Amma na lura ita ya fi kallo, ba kwamfutar ba. Na yi gyaran murya sau biyu, bai ji ba.

Da yamma saƙo ya shigo wayarta.

"Assalamu alaikum Sakatariya. Randagi ta fito fili yanzu. Ko akwai wani gyaran? Nu'uman."

"Wannan lambar ta aiki ce."

"To aiki nake nema, Barkonona. Na dindindin."

Ba ta ba shi amsa ba sai bayan kwana huɗu, kuma kalma ɗaya ce: "Nacacce."

Kafin damina ta yi nisa ya fara zuwa gidana bayan la'asar, don tun fitowata daga daji na dawo da iyalina cikin gari. Yakan durƙusa ya gaishe ni, ni kuma in ce masa ga ɓarawon amaryata ya iso, ya zo ƙwace wa tsoho mata. Huraira ta ce ai angon nata ya tsufa, haƙoransa ma saura shida. Takwas ne, ƙarya take yi. Su zauna a zaure, ina jin ta tana masa faɗa a kan rigarsa, a kan makararsa, shi kuwa sai dariya. Wata rana na ji ya ce mata, "In kin daina yi mini faɗa zan san kin daina sona." Ta ce, "To ka kwantar da hankalinka, Nu'u, ba ranar dainawa."

Wanda abin bai yi wa daɗi ba shi ne Abdulkahar, mai shagon waya a kasuwa, wanda ya shekara biyu yana neman ta tana ce masa a'a.

Da kaka ta yi, Haruna yayan Huraira ya ɗoro masara a babur daga gonarmu ta Randagi. Hanya biyu ce ke fitowa titi, ta tudu da ta rafi, kuma a taswirar suna dab da juna can gefe. Ya duba wayarsa, ya ga koren akwati da tsininsa a kan hanyar rafi, ya bi. Bai yi nisa ba 'yan bindiga suka fito masa daga cikin ciyawa. Ya watsar da babur da masara ya ruga, ya faɗa wani kwazazzabo, hannunsa na dama ya karye gida biyu. Allah ya yi da sauran kwanansa.

A asibiti ya rantse kore ya gani. Huraira ta rantse tun da sassafe ta sa wa hanyar rafi ja. Kafin azahar Abdulkahar ya zagaye kasuwa yana tambayar mutane, in ba wanda ya ƙera abu ba, wa zai iya mayar da ja kore.

Ni da ɗana Jaji, uban yaran nan, aka kama mu tare a gona. Wani ne cikin mutanenmu ya gaya musu ranar da za mu je. Ni na dawo, Jaji bai dawo ba. Don haka da maganar Abdulkahar ta iso kunnena ban tsaya bincike ba. Ranar Juma'a, bayan an sallame, na tsaya a ƙofar masallaci na ce Nu'uman infoma ne, kuma muddin ina numfashi ba zai auri jikata ba. A ƙasar nan wannan kalma kashe mutum take yi. Na san haka, kuma na faɗa. Kafin magariba 'yan sa-kai sun fara tambayar gidansu.

Huraira ta tura wa Nu'uman saƙo:

"Na sa ja. Yayana ya ga kore. Kai kaɗai ne tsakanin hannuna da idonsa. Kada ka sake kirana."

Ya amsa:

"Barkonona, na duba ya fi sau ashirin. A kwamfutata ja ne, a wayata ja ne. Ban san abin da ya faru ba, kuma ba zan yi miki ƙarya in ce na sani ba. Mama na kuka in tafi Kaduna. Ba zan tafi ba. Ki yi wa Yaya Haruna sannu."

Ba ta amsa ba. Kwana biyu ba ta ci abin kirki ba, tana zaune gefen gadon Haruna tana huci. A rana ta uku ta ce ya ba ta wayarsa, don tana aljihunsa lokacin da ya faɗi. 'Yar ƙarama ce, irin wadda yawancin mutanenmu ke riƙewa. Ta buɗe shafin ta taɓa hanyar tudu. Koren akwati ya fito, amma tsininsa a kan hanyar rafi ya sauka. Ta sake taɓawa, haka. Sai ta kashe data, ta bar shafin a buɗe yadda yake, ta ɗauki mayafi.

Ta sami Nu'uman a tsakar gidansu da rana tsaka, ya rame, mahaifiyarsa ta sa wa ƙofa sakata. Ta ajiye masa wayar a gabansa ta nuna masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya dafe kai. Ya ce hanyar tudu tana gefen taswira ne, a ƙaramar waya babu wurin da akwatin zai tsaya, shi ya sa laburaren ke tura shi ciki don kada ya yanke. Wannan shi ya umarce shi da yi. Amma tsinin ya bar shi manne a tsakiyar akwatin, duk inda akwatin ya matsa sai ya bi shi. Akwai umarnin da ke sa tsini ya tsaya kan abin da aka taɓa, ya gan shi, ya tsallake, don a wayarsa babba komai daidai yake fitowa.

"Ka taɓa gwadawa a ƙaramar waya?" ta tambaye shi.

"A'a."

"Wata shida kana zuwa gidanmu, kana ganin wayar da ke hannun yayana. Ba ka taɓa cewa a ba ka ka gani ba."

"Ban taɓa ba."

"Na yi kwana uku ina ƙin ka a kan cin amana, ashe ganganci ne. Wallahi ban san wanda ya fi ba ni haushi ba."

Ya jawo kwamfuta zai gyara. Mahaifiyarsa ta riƙe masa hannu, ta ce ya bari sai mutane sun gani da idonsu, in ya gyara yanzu da me zai kare kansa. Ya ce gobe kasuwa ce, babura za su fito daga Randagi tun da asuba, ba zai bar abin haka ba ko da za a ɗaure shi. Bai san Huraira ta riga ta kashe data ba don kada gyara ya taɓa shafin da ke buɗe a wayar Haruna, kuma ba ta gaya masa ba sai da ta ga ya gama gyaran.

Washegari da hantsi aka taru a ƙofar mai unguwa. 'Yan sa-kai da bindigoginsu, Abdulkahar, Haruna da hannu a rataye, ni da sandata. Huraira ta durƙusa ta ajiye wayar a kan tabarma, ta taɓa hanyar tudu, kowa ya ga tsinin a kan ta rafi. Sai Nu'uman ya ce a juya wayar a kwance. Da ta juya, wuri ya samu, tsinin ya koma kan hanyar tudu. Na ce a miƙo mini. Ni ba a yi mini rufa-ido, mutanen daji ma sun gwada sun gaji. Na tsayar da ita, rafi. Na kwantar, tudu. Sau biyar na yi da hannuna.

Abdulkahar ya ce to ai laifin masu sayen ƙananan wayoyi ne, wa ya aike su. Haruna ya ce masa a shagonsa ya saya, kuma shi ya ce masa ba ta da na biyu. Aka yi dariya, Abdulkahar ya sulale.

Nu'uman bai yi dariya ba. Ya matso gabana ya durƙusa.

"Baba, wayar ba ta da laifi. Ni ne. Ban sayar da kowa ba, amma ni na karya hannun Yaya Haruna. Duk hukuncin da kuka yanke na ɗauka."

Na so in ɗaga sandar nan. Na ce masa mu da muke bin hanyoyin nan da ranmu a hannu, shi yana zaune ƙarƙashin fanka yana tsallake layi. Na ce ba zai ƙara taka zaurena ba sai ya bi ƙauyukan nan ɗaya bayan ɗaya, ya karɓi wayar kowane mai babur, mai fasasshen gilashi da mai ɗaure da roba, ya gwada abin nasa a kai.

Ya yi. Sati bakwai yana yi, Randagi, Saminaka, har Kutemeshi, yaron da ko babur bai iya sosai ba. A hanya ya gano wasu kurakuran biyu ya gyara. Ragowar masarar Haruna ma shi ya kwaso ta. Kullum yana tura wa Huraira adadin wayoyin da ya gwada, ita kuma ba ta amsawa. Ranar da ya dawo daga Kutemeshi, fuska duk ta ƙone, ta rubuta masa:

"Har yanzu ina jin haushinka, Nu'u. Ka ci abinci. Ka turo manyanka."

Saura ni. Maganar da na faɗa tana nan tana yawo a gari, yara na nuna mahaifiyarsa a hanyar rijiya. Huraira ta same ni a zaure, ba ta ce mini ango ba ranar, ta ce, "Kaka, shi ya gyara nasa kuskuren a gaban mutane. Naka fa?" Na kore ta. Kwana uku ban yi mata magana ba.

Ranar Juma'a na miƙe a masallaci kafin mutane su watse. 'Yan bindiga sun yi kwana tamanin da ɗaya suna dukana ban ce musu na tuba ba, kowa ya san wannan. Ranar na ce, "Jama'a, na kira yaron nan da sunan da ba nasa ba. Ƙarya na yi masa. Na janye, kuma ina roƙon gafararsa da ta uwarsa." Muryata har bakin titi an ji ta.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure, ni ne waliyyi. Da liman ya tambaye ni ko na bayar, na ce na bayar, na ƙara da cewa duk mai sauran magana a kan yaron nan ya zo ya same ni, ya san gidana. Babu wanda ya zo. Haruna ne ya yi ta rabon goro da hannun hagu, yana gaya wa baƙi wai ƙaninsa injiniya ne.

Da za a tafi da amarya ta riƙe rigata tana kuka, na ce ta sake ni kada ta yaga mini, sabuwa ce. Allah ya ba su zaman lafiya, ya sanya albarka a gidansu, ya ba su 'ya'ya masu taurin rai irin nawa. Ya jiƙan Jaji da bai ga wannan rana ba. Amin.