Waya Ba Ta Ce Ba

A wani gari can, an yi wani manomi da ya sayi waya mai faɗin yanayi. Tun ranar bai ƙara duban sama ba.

Ran nan shamuwa ta dawo, ta yi sheƙa a kukar gidansa. Matarsa ta ce, "Maigida, damina ta kusa, a gyara gona."

Ya duba waya, ya ce, "Waya ba ta ce ba."

Tururuwa suka kwashe ƙwansu zuwa tudu. Ta sake magana, ya ce, "Waya ba ta ce ba."

Ruwa ya sauko, kowa ya fita shuka. Shi kuwa ya tsaya tsakar gida, ya jiƙe sharkaf, kwaɗo na kuka cikin aljihunsa, yana cewa, "Wannan ba ruwa ba ne, waya ba ta ce ba."

Kaka ta yi, rumbun kowa ya cika, nasa sai ƙadangaru. Ya ce, "Uwargida, kawo tuwo."

Ta dire masa akushi a rufe. Ya buɗe, sai ga waya a ciki.

Ya ce, "Ai yunwa nake ji!"

Ta ce, "Haba Maigida, waya ba ta ce ba."