Kada Wanda Ya Ɗaga Shi

"Yaya, ɗan buɗe bakin mana, saura kaɗan."

Zaratu ce durƙushe gaban katifar yayanta Yunus a gidansu da ke unguwar Mairi, tana ba shi kunu. Yunus ɗin da a da shi kaɗai yake kayar da bijimi a kasuwar shanu, yau ko ƙuda ne ya sauka a fuskarsa sai an kore masa. Daga wuya zuwa ƙasa babu abin da ke motsi.

Abin da ya fi ci mata rai, a hannun Mikail abin ya faru, saurayin da har an sa musu rana. Direban ambulan ne a wani asibiti, kuma direba kawai. Mukulli aka miƙa masa da riga mai sheƙi, babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa yadda ake taɓa mai rauni. Ranar da bom ya tashi a bakin kasuwa, ya tarar da Yunus a ƙasa yana kiran sunansa. Sai ya yi abin da kowa ke yi a garin nan, ya kama kafaɗu, wani ya kama ƙafafu, suka ruga da shi mota. Likita ya ce wuyan ya tsage tun a wurin, amma ɗaukar ce ta ƙarasa laka.

Mahaifinsu Alhaji Hamid ya ɗaga labule, fuska a murtuke.

"An ce yaron nan yana ƙofa. Je ki sallame shi, sallamar ƙarshe."

"Baba, wallahi ba da gangan ya..."

"Rufe min baki! Shi ba likita ba, ba nas ba, ɗan kwasar gawa kawai! Ya nakasa min ɗa, sannan in ba shi 'ya?"

Tana kuka ta fita zaure. Mikail ya rame ya yi zuru-zuru, ko haɗa ido da ita bai iya ba.

"Zara, makaranta zan tafi. Akwai kwas ɗin faramedik, masu kula da mai rauni tun kafin a kai shi asibiti. Ba zan sake taɓa mutum a makance ba. Amma ban ce ki jira ni ba, ba ni da bakin faɗar haka."

"To ni ma ai ban nemi izininka ba," in ji ta, tana share hawaye da mayafi.

Shekarun nan Zaratu ta sha su. Masu neman aure suka zo suka gaji, gwaggonni suka yi ta yada mata magana, wai ta tsaya jiran wanda ya kwantar da ɗan'uwanta. Ita dai tana juya Yunus safe da yamma kada bayansa ya yi gyambo. Da Mikail ya dawo da difloma ya zo gaisuwa, Alhaji ko hannu bai ba shi ba.

"Takardar ce za ta tayar min da shi?"

Wata la'asar wani bom ya sake tashi ta wajen kasuwa. Bayan jimawa Alhaji ya shigo babu hula, gaban jallabiyarsa duk jini. Zaratu ta kwarma ihu.

"Ba nawa ba ne," ya ce, ya zube kusa da Yunus. "Wani saurayi ne, kwance kamar yadda aka ce ka kwanta. Na sunkuya na kama ƙafarsa, wani ya kama kafaɗa. Sai na ji an daka mana tsawa, 'Kada wanda ya ɗaga shi!' Mikail ne. Ya durƙusa cikin jini ya tallafe kan yaron da hannu biyu, mutane na zagin sa wai zai bari ya mutu, bai motsa ba sai da aka kawo katakon ɗaukar mai rauni da abin tallafe wuya."

Ya dubi tafukansa, hawaye na bin gemunsa.

"Da ni ne na fara isowa ranar, Yunus, ni da kaina zan ɗaga ka."

"Na sani, Baba," in ji Yunus a hankali. "Ni na roƙe shi ya ɗaga ni."

Yunus bai sake takawa ba, yaron kasuwa kuwa da ƙafarsa ya bar asibiti. Ranar ɗaurin auren Zaratu da Mikail, ango da kansa ya zo fitar da Yunus tsakar gida, ya tallafe masa kai.

"A hankali dai wannan karon, ango," in ji Yunus.

Aka yi dariya, dariyar ta koma kuka.

Haƙurin Zaratu bai tafi a banza ba. Amma ku riƙe wannan: tausayi kaɗai ba ya ceton rai sai da ilimi, kuma duk wanda ya miƙa wa mutum mukullin ambulan bai koyar da shi ba, da shi aka kama ƙafar.