Jinkar Rumbun Iya

A wani zamani an yi wani manomi da ya ƙagu ya ƙetare kogi ya kai bishara nesa. Ranar tafiya hadari ya haɗo. In ruwa ya sauka, kogi ba zai ƙetaru ba sai rani.

Yana sauri, sai ya ga iska ta yaye jinkar rumbun tsohuwa maƙwabciyarsa.

Ta ce, "Ɗana, sai ina?"

"Aikin Yesu, Iya."

"To, hanzarta. Dawata dai ta jiƙe."

Ya yi gaba, ya dawo. Ya yi gaba, ya dawo. Ya jefar da sanda, ya hau rumbu. Yana ɗaure jinka, ruwa ya kece.

Tsohuwa ta ce, "Ayya, ka rasa aikin Yesu!"

Ya share fuska, ya ce, "Miƙo igiya, Iya."